Ruwa na Allah ne, amma sakacin naku ne

Ba wanda ya ce masu shirya tseren gudu su hana ruwan sama sauka. Amma duk wanda ya sa gasar kilomita 10 a Jos cikin watan Agusta ya san abin da ya ɗauko. Garin nan a kan tudu yake, tsayinsa ya kai wajen mita 1,200, kuma ruwan marka idan ya haɗu da iskar Filato da sassafe, har cikin ƙashi sanyinsa yake ratsawa. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen yanayi, kowa na iya dubawa a wayarsa kyauta. To don me da ruwa ya sauko kuka tsaya cirko-cirko ba ku san abin yi ba?

Ni da ƙafar da ba ta daɗe da warkewa ba na shiga tseren nan. Mummunan targaɗe na yi a idon sawu, ya kwantar da ni, ya cinye mini kuɗi wajen masu gashin ƙashi. Da mai gashin ya yarda in koma gudu, sharuɗɗa biyu ya kafa mini: in ɗumama jiki sosai kafin in tashi, kuma in lura da inda nake taka ƙafa. Duka biyun kun hana ni cikawa.

Kun ce bakwai na safe za a tashi. Muka yi sammako bayan sallar Asuba, muka ɗumama jiki, muka shiga layi da 'yan singileti da gajeren wando. Shiru. Ruwa ya kece, muna tsaye a fili. Da muka tambaya sai aka ce ana jiran babban baƙo, shi zai ɗaga tuta. Jama'a, saboda mutum ɗaya da bai fito daga gida ba aka bar yara 'yan makaranta da mata da dattawa cikin ruwa suna kaɗuwa! Rumfa ɗaya ce a wurin, cike da kujerun manya da ba kowa a kai, ga jami'an tsaro sun hana a raɓe ta. Duk wanda ya taɓa gudu ya san jikin da aka ɗumama idan ya huce cikin sanyi, tsoka sandarewa take yi, jijiyar da ta taɓa rauni kuwa ita ce ta farko da za ta yi ƙara. Kafin jiniya ta iso, a gama jawabi, a gama ɗaukar hoto, yatsun ƙafata ba na jin su.

Sai hanya. Ba ku rufe ta ba. Masu keke napep da motocin haya suna ratsa tsakiyarmu, suna watsa mana ruwan kwata. Magudanan ruwa sun cika sun malalo kan titi, ruwa ja wur ya rufe ramuka, ba ka gane inda kwalta ta ƙare. Da mutum ɗaya cikinku ya zagaya hanyar ana gobe tsere ya sa alama a bakin ramukan nan, ko da tsohuwar taya ce, da an tsira. A gabana wani matashi ya zurma cikin rami har ƙwauri, ya faɗi yana riƙe da gwiwa. Ina motar asibitin da kuka rubuta a takardar talla? Ba mu gan ta ba. 'Yan tsere ne suka tsaya suka ɗauke shi, wani mai keke ya tafi da shi saboda Allah.

Na ƙarasa, amma da ɗingishi, kuma da dare ƙafar ta sake kumbura. Aikin gashin da na biya da kuɗin gumina ya koma baya.

Kada ku ce ai haka tsere yake, sai an jure. A watan Mayun 2021, a lardin Gansu na ƙasar Sin, sanyi da ruwa da iska sun kashe 'yan tsere 21 a gasar kilomita 100, kuma an hukunta jami'ai a kan haka, domin masu shiri ba su yi tanadi ba. Nan gida kuwa, ƙauyen Okpekpe a jihar Edo yana gudanar da tseren kilomita 10 tun 2013, a watan Mayu da damina ta riga ta kama a kudu, har hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta ba shi tambarin amincewa. Ƙauye ne fa. Mu kuma jihar da Pankshin take cikinta, inda gwanayen gudun fanfalaki na ƙasar nan suke fitowa, mun kasa tare titi na awa biyu.

Kun karɓi kuɗin rajista daga kowannenmu, kun karɓi na masu ɗaukar nauyi. Ku fito ku faɗa mana ina suka shiga, tunda ba motar asibiti, ba alamar hanya, ba ko ledar da mutum zai yafa. Ku nemi yaron nan da ya faɗi ku biya kuɗin maganinsa. In kuma baɗi za ku sake shiryawa, ƙarfe bakwai na cika a busa usur, ko babban baƙo ya iso ko bai iso ba.