Kalmar "conduct" da ke jikin takardar shaidarka

Ƙannena, ku ɗauko takardar shaidar da shugaban makaranta ya ba ku ranar da kuka gama sakandare. Akwai wani ɗan layi da ba ma kula da shi: "conduct". A gabansa malam ya ja biro ya rubuta kalma guda. Mu kan wuce shi da sauri, idonmu na kan sakamakon jarrabawa.

Kalmar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Kwandastan da ke rataye a ƙofar bas yana ƙwala "Bata! Sabon Gari!" daga cikinta ya samo sunansa. Asalinta Latin ne, daga wata kalma mai nufin ja gaba. Bature kan ce an yi "conduct" ɗin zaɓe, ko jarrabawa, ko bincike, wato an gudanar. Idan aikatau ce, a ƙarshe ake danna murya, kan-DAKT. Idan kuwa suna ce mai nufin hali, a farko ake dannawa, KON-dakt. Ku kiyaye wannan a wajen intabiyu, don kunnen masu ɗaukar aiki yana kamawa.

Amma abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne yadda suke cewa "conduct yourself". Ka ja ragamar kanka ke nan, abin da iyayenmu ke nufi in sun ce kama kanka. Kalma ɗaya ta ɗauki shugabanci da hali, ba ta raba su ba. Mu ne muka raba. Ko tsarin mulkin 1999 ya tanadi hukumar Code of Conduct Bureau, inda mai riƙe da muƙamin gwamnati zai bayyana kadarorinsa lokacin kama aiki da lokacin sauka, ga kuma kotu ta musamman ga wanda ya saɓa.

Kwanakin baya na halarci taron wata ƙungiyar matasa a unguwarmu. An sa ƙarfe huɗu, shugaba bai iso ba sai dab da magariba, hula a karkace, waya a kunne. Dattijo na magana ya katse shi. Da aka tambayi kuɗin rajista sai ya hau faɗa, wai ana raina masa muƙami. Haba ɗan'uwa! Naira dubu arba'in ce fa kacal, ka kasa kawo lissafinta a takarda, kuma da bakinka kake cewa kansila kake nema a zaɓe mai zuwa. Dattijon nan bai tanka ba, ya saɓa babbar rigarsa ya nufi masallaci, mutane suka bi bayansa ɗaya bayan ɗaya, aka bar shugaba da kujerun haya.