Wanda ya sa hannu a saurari wayarmu, wa zai tambaye shi?

A duk lokacin da aka tayar da zancen sauraren wayoyin jama'a a nan Damagaram, a Jamhuriyar Nijar, mutane kan rabu gida biyu. Wasu su ce ƙasar da ke fama da 'yan ta'adda a Diffa da Tillaberi ba ta da zaɓi face ta kasa kunne, wasu kuma su ce sirrin mutum nasa ne, babu mai ikon leƙa shi. Ba na cikin masu cewa hukuma ta toshe kunnenta alhali ana kashe sojojinmu da manomanmu. Abin da ya dame ni shi ne tambayar da ba a cika yi ba: idan aka saurari wanda bai kamata a saurara ba, wane ne zai amsa da sunansa? Na'ura ba ta kunna kanta. Akwai jami'in da ya nema, akwai babban da ya sa hannu, akwai kuma masanin doka da ya zauna ya rubuta cewa abin ya halatta. Muddin waɗannan mutum uku sun tabbata babu ranar da za a kira su gaban alƙali, duk wata kariya da aka rubuta a takarda ba za ta hana su komai ba.

Kundin tsarin mulkinmu na 2010, wanda aka jingine bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ya faɗa a aya ta 29 cewa ba a keta sirrin wasiƙu da na sadarwa sai bisa sharuɗɗan da doka ta gindaya. Sai ga shi ranar 29 ga Mayu 2020 majalisar dokoki a Yamai ta amince da dokar da ta ba da damar tare saƙonnin waya da na intanet da sunan tsaron ƙasa, 'yan adawa kuma suka fice daga zauren. Tun a lokacin masu kare haƙƙin ɗan Adam sun nuna inda gizo ke saƙa: shugaban ƙasa ne ke ba da izinin saurare, ba alƙali ba, sannan kwamitin da aka ce zai sa ido a kan aikin, ɓangaren gwamnati ne ke naɗa mafi yawan mutanensa. Wato mai saurare shi ne mai ba kansa izini, shi ne kuma ke zaɓen wanda zai bincike shi. Muna da hukumar kare bayanan jama'a, HAPDP, wadda dokar 2017 ta kafa, amma ni ban taɓa jin wani ɗan kasuwa ko malamin makaranta a garin nan ya ce an sanar da shi cewa an saurare shi bisa kuskure ba, balle a ba shi haƙuri.

Idan aka juya ta ɓangaren talaka kuwa, doka ba ta da nawa ko kaɗan. Dokar laifukan intanet ta 2019 ta kai mutane gidan kaso saboda rubutu a Facebook da saƙon murya a WhatsApp. An kama 'yar jarida Samira Sabou a watan Yuni 2020 a kan rubutun da ya shafi binciken kuɗaɗen ma'aikatar tsaro, ta yi makonni a tsare kafin kotu ta sallame ta a ƙarshen Yuli. A ƙarshen Satumba 2023, ƙarƙashin wata gwamnatin dabam, an sake ɗauke ta, aka yi kwanaki danginta ba su san inda take ba. A 2022 an cire hukuncin ɗauri a kan ɓata suna da zagi ta intanet, a watan Yuni 2024 aka maido da shi, har da shekara 2 zuwa 5 ga wanda aka ce ya yaɗa abin da zai iya tada hankalin jama'a. Na kawo gwamnatin farar hula da ta soja tare da gangan, domin kada wani ya ɗauka siyasar ɓangare nake yi. Kowace ta tarar da makamin a ajiye, kowace kuma ta ɗauka.

Illar wannan ana ganinta a zaman yau da kullum. A wata fada, wato majalisar hira, da nakan zauna a unguwar Zango, da zarar hira ta karkata ga tsadar shinkafa da wanda ake ganin ya jawo ta, sai dattijon da ke dafa mana shayi ya ɗaga hannu ya ce, "Yara, ku kai wayoyinku can gindin bango tukuna." Sai ka ga samari sun tashi sun jera su a kan tabarma, sannan a dawo a ci gaba da magana ƙasa-ƙasa. Haka wani mai sayar da hatsi a kasuwar Dole, idan abokin cinikinsa ya kira shi daga Magarya, ba ya wuce gaisuwa da farashi, sauran magana sai ya ce, "Alhaji, bari sai mun haɗu." Babu ɗaya daga cikinsu da ke da abin ɓoyewa, kuma mai yiwuwa babu wanda ya taɓa sauraren su. Tsoron kaɗai ya isa ya rufe baki, kuma gari irin namu da ya ga abin da tsegumi ya yi a 1906, lokacin da Faransawa suka tuɓe Sarki Amadu ɗan Bassa bisa zargin makirci suka kai shi Kodebuwa, bai buƙatar a koya masa tsoron mai kai rahoto. Dattawanmu kuma ba su manta da 'yan sandan ciki na zamanin mulkin soja na Seyni Kunce ba.

Masu cewa wannan ciwon ƙananan ƙasashe ne su dubi Amurka, domin a can ne rawar lauyoyi ta fi fitowa fili. A 1978, bayan kwamitin Sanata Frank Church ya tona yadda hukumomin leƙen asiri suka bi diddigin 'yan ƙasa, ciki har da Martin Luther King, mai fafutukar 'yancin baƙar fata, aka yi doka cewa sai da izinin wata kotu ta musamman za a saurari mutum a cikin ƙasar da sunan tsaro. Bayan harin 11 ga Satumba 2001, gwamnatin George Bush ta ba hukumar leƙen asirin sadarwa ta NSA umarnin saurare ba tare da wannan izini ba, wani lauyan ma'aikatar shari'a mai suna John Yoo kuma ya rubuta a asirce cewa ikon shugaban ƙasa a lokacin yaƙi ya ba shi dama. Hujjar ta yi raunin da a watan Maris 2004 manyan ma'aikatar da kansu suka ƙi sabunta sa hannu, har jami'an fadar shugaban ƙasa suka bi ministan shari'a John Ashcroft gadon asibiti suna neman ya sa, ya ƙi. Jaridar New York Times ta fallasa shirin a Disamba 2005. Me ya biyo baya? A 2008 majalisa ta yi dokar da ta kare kamfanonin waya daga ƙarar da aka shigar a kansu saboda taimaka wa shirin. Shi kuma Yoo, ofishin ladabtarwa na ma'aikatar ya same shi da saɓa ƙa'idar aikin lauya a kan wasu takardun dabam da suka halatta azabtar da fursunoni, amma a 2010 wani babban jami'i ya sassauta binciken ya ce rashin kyakkyawan nazari ne kawai. Ya koma jami'a yana koyar da doka.

A watan Maris 2013 an tambayi shugaban hukumomin leƙen asiri, James Clapper, a gaban majalisar dattawa ko NSA na tattara bayanan miliyoyin Amurkawa, ya ce a'a. Wata uku bayan haka takardun da Edward Snowden, wani tsohon ma'aikacin kwangila a NSA, ya fitar suka nuna akasin haka. Kotunan ɗaukaka ƙara biyu, a 2015 da 2020, sun yanke cewa tattara bayanan kiran wayar jama'a baki ɗaya ya saɓa wa doka. Ba a gurfanar da Clapper ba, Snowden kuwa yana Rasha, tuhuma na jiransa a gida.

Na tsaya a kan lauyoyi ne saboda su ne ke sa jami'i ya yi barci da daɗi. Ɗan sanda ko jandarma da aka ba umarni yakan ce shi aike aka aike shi, minista ya ce masana doka sun tabbatar masa babu laifi, masanin doka kuma ya ce shi ra'ayi kawai ya bayar, bai kama kowa ba. A haka alhaki ke yawo daga hannu zuwa hannu har ya ɓace. Amma ra'ayin da aka rubuta da nufin a buɗe wa gwamnati ƙofar da doka ta rufe aiki ne, mai shi kuma ya cancanci a tambaye shi kamar yadda ake tambayar likitan da ya rubuta magani alhali ya san zai cutar. Ina girmama lauyoyinmu da ke tsayawa wa waɗanda aka tsare, sau da yawa ba tare da an biya su ba, kuma saboda mutuncinsu ne nake ganin ya kamata ƙungiyar lauyoyi da majalisar da ke ladabtar da alƙalai su iya hukunta nasu idan ya mayar da iliminsa mayafin zalunci. Malamanmu sukan karanta mana aya ta 12 ta Suratul Hujurat wadda ta hana bin diddigin asirin mutane, kuma ban taɓa jin sun ce hanin ya tsaya a kan talaka ya tsallake mai mulki ba.

Abin da nake nema ba shi da wuyar rubutawa. Kada a saurari kowa sai alƙali mai zaman kansa ya ga dalili ya sa hannu, na ɗan lokaci ƙayyadadde, kuma a ajiye sunan wanda ya nema da na wanda ya ba da shawarar doka a inda kotu za ta iya buɗewa ko da bayan shekara goma ne. Idan bincike ya ƙare ba a samu komai ba, a sanar da mutumin, a goge abin da aka naɗa, ya kuma samu damar kai ƙara a nan kotun ɗaukaka ƙara ta Damagaram ba sai ya niƙi gari zuwa Yamai ba. Masu riƙe da iko a yau su ne suka fi kowa buƙatar wannan tsari. Mohamed Bazoum, shugaban ƙasar da aka hamɓarar a 2023, shi ne ministan cikin gida a ranar da aka amince da dokar 2020, kuma da Kotun Ƙasa ta cire masa rigar kariya a watan Yuni 2024, cikin abubuwan da aka tuhume shi da su har da maganganun da aka ce ya yi ta waya da shugabannin ƙasashen waje.