Zazzaɓin Lassa da Ma'aikatan Lafiya: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Da zarar iskar hunturu ta kaɗa, alƙaluman zazzaɓin Lassa suka fara hawa, sai hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, NCDC, ta fitar da takardar jan hankali ga ma'aikatan lafiya: su sa ido, su zargi Lassa a duk zazzaɓin da ya ƙi jin magani, su kiyaye matakan kariya. Wannan ba laifi. Abin da ke ɓata mini rai shi ne maganar da ke biyo baya duk ranar da aka ce wata nas ko wani likita ya kamu. Tun ba a gama jinyarsa ba, wani lokaci ma tun ba a rufe shi ba, za ka ji masu faɗa-a-ji na cewa wai rashin bin ƙa'idojin kariya ne. Wato shi ya jawo wa kansa. Bana ma haka za a ce, kuma ƙarya ce da ta daɗe tana cin rayuka.

Mu mutanen Jos bai kamata a yi mana wannan zance mu yi shiru ba, don a garinmu cutar ta fara nuna wa duniya wa take kashewa. A watan Janairun 1969 aka ɗauko wata nas Ba'amurkiya, Laura Wine, daga garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu zuwa asibitin mishan na SIM a nan Jos, ta rasu. Nas ɗin da ta yi jinyarta, Charlotte Shaw, ta bi ta. Ta uku, Lily Pinneo, sai da aka kai ta Amurka ta sha da ƙyar. Bayan shekara guda cutar ta ɓarke a asibitin Jankwano da ke nan Jos, Dakta Jeanette Troup ta yanke a hannu tana binciken gawa, ta rasu a Fabrairun 1970. Ƙwararru ne dukkansu. Nas-nas ɗin sun taɓa jini da yawun majinyaci tun kafin kowa ya san abin da ke jikinsa, likitar kuma tsautsayin wuƙa ne ya same ta a bakin aiki.

Yau sama da shekara hamsin, hanyar kamuwa ba ta sauya ba. Lassa a kwanakin farko zazzaɓi ne da kasala da ciwon kai, sai ciwon maƙogwaro da amai, babu abin da ya raba ta da maleriya ko taifot. Zubar jinin da jama'a suka san ta da shi a ƙurarren lokaci yake zuwa, kuma ba ga kowa ba. Ƙa'ida ta ce a zarge ta idan zazzaɓi ya kai digiri 38 kuma ya ƙi jin maganin maleriya da na ƙwayoyin cuta bayan kwana biyu zuwa uku. To a cikin waɗannan kwanaki wa ke taɓa majinyacin? Nas ta sa masa ƙarin ruwa, ma'aikacin ɗakin gwaji ya ɗebi jininsa, mai shara ta goge amansa. Kafin a tura samfuri a dawo da sakamako, mutum goma ko fiye sun riga sun mu'amalance shi.

Ɗakin haihuwa ya fi ko'ina haɗari. Mace mai ciki ta zo da zazzaɓi tana zubar jini, ungozoma ɓari za ta fara tunani, kuma tana da gaskiya. Za ta sa hannu cikin jini don ceton rai. A Kano, cikin Janairun 2020, likitoci biyu sun rasu bayan an yi wa wata mai ciki tiyata ba a san tana ɗauke da cutar ba. Farar rigar nan mai rufe jiki ruf da ake nuna wa 'yan jarida tana ɗakin keɓe majinyata ko tana sito a kulle. Inda ake kamuwa kuwa, wato sashen agajin gaggawa da ɗakin haihuwa da ɗakin ɗibar jini, can ne ake neman safar hannu kamar zinariya.

Duk wanda ya taɓa jinya a asibitocinmu ya san yadda ake yi. Ana kawo majinyaci, nas ta rubuta takarda: safar hannu, sirinji, auduga, allurar ƙarin ruwa. Ɗan'uwa ya ruga kemis, in yana da kuɗi. A wannan tsakani majinyaci na amai, ko jini na zuba. Nas tana da zaɓi biyu kacal: ta tsaya kallo har a kawo safa, a ce ba ta da imani, ko ta sa hannu tsirara, in ta kamu a ce ba ta bi ƙa'ida ba. Ƙa'idar da ake zargin ta karya ta ce sabuwar safa ga kowane majinyaci, a cire a jefar, a wanke hannu. Ta yaya za a bi ta alhali kariyar ma'aikaci an rataya ta a aljihun majinyaci?

Sai ruwa. Wanke hannu da sabulu daƙiƙa 40 zuwa 60 yake buƙata ƙarƙashin ruwa mai gudu, kafin taɓa majinyaci da bayan taɓa shi, da duk lokacin da aka taɓa jini ko fitsari ko kayan gadonsa. Man goge hannu mai sinadarin barasa daƙiƙa 20 zuwa 30, amma ba ya amfani a hannun da jini ya ɓata. Ɗakin da famfonsa ya bushe, aka ajiye bokiti ɗaya da tawul ɗaya kowa na tsoma hannu, wannan bokiti shi kansa ya zama hanyar yaɗa cuta.

Ruwan kulorin ma ana kuskurensa kullum, kuma ba don jahilci ba. Ƙarfi biyu ake haɗawa. Na kashi 0.5 cikin ɗari shi ne na goge jini da amai da ƙasa da gado: in bilic ɗin kasuwa ne mai ƙarfin kashi 3.5, awo ɗaya nasa, awo shida na ruwa. Na kashi 0.05 kuma, na hannu da zannuwan gado, ana samun sa da awo ɗaya na wancan haɗin a awo tara na ruwa. Kullum sabo ake haɗawa, a rufe, a kauce wa rana, don ƙarfinsa na tafiya cikin yini guda. Idan kwalba ɗaya aka ba ɗaki na mako, dole mai shara ta tsinka shi har ya zama ruwa mai ƙamshi kawai, ko ta yi kwana uku tana amfani da haɗin da ya riga ya mutu.

Allura kuwa ba Lassa kaɗai take kawowa ba. Wanda allurar mai ciwon hanta nau'in B ta soka, in ba shi da rigakafi, haɗarin kamuwarsa na iya kai kashi 30 cikin ɗari. Na ƙanjamau kusan kashi 0.3 ne. Sau da yawa wajen mayar da murfin allura ake samun sukan, kuma mutum na mayar da murfi ne idan kwalin zubar da allura ba ya kusa da hannunsa, ko ya cika ya tumbatsa alhali a kashi uku cikin huɗu ya kamata a rufe shi. In sukan ya auku, a wanke da ruwa da sabulu nan take, kada a matsa, kada a tsotsa, a kai rahoto. Maganin kariyar ƙanjamau dole a fara shi kafin awa 72, a sha kwana 28. In abin ya faru daren Juma'a, makullin maganin na hannun wanda ba zai dawo ba sai Litinin, an ci rabin wa'adin ko fiye. Rigakafin ciwon hanta allura uku ne cikin wata shida. Sau nawa aka tambayi sabon ma'aikaci ko ɗalibin jinya ko ya yi shi kafin a tura shi ɗakin majinyata? Masu shara da masu wanki, waɗanda galibinsu 'yan kwangila ne, su ko lissafinsu ba a yi, alhali su ke ɗaukar shara mai allurai da zannuwa masu jini.

Masu ganin alawus ɗin haɗari ne mafita, a tuna an yi shekaru ana biyan naira 5,000 a wata kafin a ƙara a ƙarshen 2021, kuma ko an ninka shi goma ba zai kawo ruwa a famfo ba. Masu shirya bita a otal-otal na Abuja suna koya wa mutane abin da suka haddace tun a makaranta. Masu cewa ƙaddara ce, mun yi imani da ƙaddara, amma wanda aka ba amanar sayen safa bai saya ba zai amsa tambaya.

Ɗora laifi kan ma'aikaci na da mugun sakamako guda biyu. Na farko, wanda ya san za a ce sakacinsa ne zai ɓoye. Allura ta soke shi ya yi shiru, zazzaɓi ya kama shi ya sha maganin maleriya a gida, alhali maganin ribavirin da ake ba masu Lassa a ƙasar nan ya fi aiki in an fara shi cikin kwana 6 na farko. Na biyu, tsoro kan sa a fara gudun majinyata. Mai zazzaɓi daga Bauchi ko Taraba, maƙwabtanmu da cutar ta yi wa katutu, sai a ce babu gado, a tura shi gaba. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta hana kowa agajin gaggawa bisa kowane dalili, ɗa'ar aikin ma haka ta ce. Ina goyon bayan wannan doka ɗari bisa ɗari. Amma zalunci ne ka wajabta wa mutum taɓa jini ka kuma hana shi abin da zai taɓa da shi, sannan in ya faɗi ka tsaya gaban kyamara ka ce laifinsa ne.

Abin da nake nema ba shi da yawa. A cire safar hannu da takunkumi da gilashin kare ido daga jerin kayan da majinyaci ke saya, su zama kamar wutar lantarki a kasafin asibiti. Kuma daga yau, duk ma'aikacin da ya kamu, kafin wani jami'i ya buɗe baki, a fito da littafin sito na wannan ɗaki na kwana 21 da suka wuce, a karanta wa jama'a kwalin safa nawa aka ba su, kwalbar bilic nawa, da ranakun da famfo ya kawo ruwa.