Sankarar kaluluwa: an gwada sabon haɗin magani, amma ba a jikinmu ba

A Garwa da ke arewacin Kamaru ba mu ɗauki kaluluwa a bakin komai ba. In ta fito a wuya ko hammata, sai a shafa man zafi a jira ta baje. Haka ƙanin mahaifina ya shekara biyu da tasa a wuya, ba zafi, yana ɗinkinsa a kasuwa. Wanzami ya yi masa sakiya, ko ɗigon mugunya bai fito ba. Ya sha maganin tarin fuka wata shida, ƙullutun na nan daram. Na ce, "Baffa, ku bari a yanki kaɗan a auna mana." Ya ce, "Ɗana, abin da bai hana ni cin tuwo ba, me ya haɗa shi da wuƙa?" Sai da muka bi jirgin ƙasa daga Ngaundere zuwa Yawunde aka gano sankarar kaluluwa ce, irin mai tafiyar hawainiya.

Wannan ba irin ta yara ba ce mai kumbura muƙamuƙi cikin 'yan makonni, wadda Dokta Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958. Ita ta manya takan shekara da shekaru, har wani lokaci likita ya ce a zuba mata ido tukuna. In lokacin magani ya yi, an saba haɗa kemo, wato magunguna masu kashe ƙwayoyin sankara, da rituximab, ƙarin ruwan da aka amince da shi a Amurka tun 1997.

A 2018 aka fitar da sakamakon gwajin RELEVANCE, wanda likitocin Faransa da Amurka suka jagoranta kan mutum 1,030 masu irin wannan sankara da ba su taɓa karɓar magani ba. An ba rabi rituximab da kemo, rabi kuma rituximab da ƙwayar lenalidomide. Bayan shekara uku, kashi 78 cikin ɗari na masu kemo cutar ba ta ci gaba ba, na masu ƙwaya kashi 77. Kunnen doki ke nan. Masu ƙwaya ba su cika samun faɗuwar ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta ba, sai dai sun fi fama da ƙurajen fata.

Wasu za su ce to ai kakarmu ta yanke saƙa, tunda ƙwaya a gida ake sha. Ban yarda da saurin nan ba. Rituximab ɗin na nan, sai an kwanta an ɗaura shi, kuma maganin a gwajin ya ɗauki mako 120. Manomin Marwa ko Mokolo zai iya wannan zirga-zirgar, damina da rani? Ga shi lenalidomide ɗan'uwan thalidomide ne, maganin da ya nakasa dubban jarirai wajen 1960. Dole mace ta kauce wa ɗaukar ciki, namiji ma ya kiyaye, kuma mun san yadda wannan zance ke da nauyi a gidajenmu.

Abin da ya fi damuna shi ne hanta. Rituximab na iya tayar da ciwon hanta nau'in B da ya kwanta a jiki, har ya kashe mutum, kuma arewacin Kamaru da Chadi na cikin wuraren da cutar ta yi katutu. Irin waɗannan gwaje-gwaje kuwa galibi ba sa ɗaukar masu ita, kuma a Turai da Amurka da Japan ake yinsu, inda maleriya da tarin fuka ba sa jiran mutum a ƙofar gida. Saboda haka kashi 77 ɗin nan ba da mu aka ƙirga shi ba.

Ba na cewa a guji maganin. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa rituximab cikin jerin magunguna na tilas tun 2015. Cewa nake kada a ɗaura wa kowa shi sai an auna hantarsa, kuma ma'aikatar lafiya ta nemi a riƙa sa asibitocinmu cikin irin wannan gwaji. Kafin nan, a sama mana inda za a yanki kaluluwa a auna ta sosai a nan arewa. Kuɗin jirgi da masauki kaɗai sai da Baffa ya sayar da keken ɗinkinsa ɗaya.