Anne Spencer ba ta ɓuya a lambu ba

Duk mai karanta tarihin adabin baƙaƙen fatan Amurka na shekarun 1920 zai ci karo da Langston Hughes tun a shafin farko. Anne Spencer kuwa sai an tona. In ma an ambace ta, sai a ce ai matar nan ce mai waƙar furanni, wadda ta shige lambu ta ja ƙofa alhali 'yan'uwanta na shan azaba. Wannan hukunci bai yi mata adalci ba.

An haife ta a 1882 a jihar Virginia. Sai da ta kai shekara 11 kafin ta shiga aji, amma a 1899 ta kammala makarantar Virginia Seminary. Ta auri Edward Spencer, ma'aikacin gidan waya, a 1901, suka gina gida a titin Pierce da ke garin Lynchburg. A garin ta zauna har ta rasu a 1975.

Masu raina ta ba su rasa abin kamawa ba. Waƙoƙinta da aka buga tana raye kusan 30 ne kacal, kuma ba ta taɓa fitar da littafi ba. Ba ta koma Harlem ba, unguwar baƙaƙen fata a birnin New York, inda kasuwar adabin ke ci. Gaskiya ne kuma furanni da tsuntsaye sun cika baitocinta.

To amma a dubi inda lambun yake. Kudancin Amurka ne a zamanin dokokin wariya, lokacin da otal ɗin fararen fata ba ya karɓar baƙo baƙar fata komai girmansa. Gidanta ya zama masaukin manyan marubuta baƙaƙen fata: W.E.B. Du Bois ya sauka a nan, haka Hughes da James Weldon Johnson. Tana cikin waɗanda suka kafa reshen NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata, a garin. Ta yi kimanin shekara 20 tana kula da ɗakin karatu na sakandaren Dunbar, domin babban ɗakin karatun garin haramun ne ga baƙaƙe, har littattafanta na gida take kwasowa ɗalibai. Ta gwammace ta taka da ƙafa da ta hau motar da aka ware mata kujerar baya. Wannan ce matar da ta ɓuya?

Waƙarta "White Things", wadda mujallar The Crisis ta buga a 1923, ta isa amsa. Ta buɗe da yadda farar fata ya zo ya ƙwace launin ƙasa da na mutanenta, ta rufe da gungun mutane suna ƙona baƙar fata. Furen da ke cikinta ma an shanye masa jini.

Ni a ganina lambun ma kansa magana ce. Al'ummar da take ciki ta riga ta yanka wa mace irinta wurin zama: kicin ɗin wani, ko wajen wankin wani. Ita kuwa ta ce tana da haƙƙin natsuwa da tunani da kallon abu mai kyau. Mijinta ya gina mata ɗan ɗaki a cikin lambun, suka raɗa masa Edankraal, wato haɗin sunayensu biyu da kalmar Afirka ta Kudu mai nufin shinge. Ya kuma ɗauke mata ɗawainiya da yawa don ta samu sararin rubutu, abin da ya cancanci a faɗa da yabo.

Ƙarancin abin da ta buga bai nuna ƙarancin abin da ta rubuta ba. Ba ta damu da zawarcin masu ɗab'i ba, sai ta yi ta rubutu a bayan ambulan, a gefen littattafai, har a jikin bango. Gidanta yanzu gidan tarihi ne, kuma a 2020 hukumar gidan waya ta Amurka ta sa hotonta a jikin kan sarkin aika wasiƙa. Takardun nan nata suna ajiye a Jami'ar Virginia, kuma wanda bai buɗe su ba bai kamata ya ce ya auna ta ba.