Daren da Iya ta ji ina kiran Katilina

Aikin lauya na nemi in karanta, amma da sunayen waɗanda aka ɗauka suka fito sai na tsinci kaina a sashen nazarin harsunan Girka da Rum na wata jami'a a kudancin ƙasar nan, inda aka damƙa mini harshen Latin. Wani ɗan ajinmu ya lallashe ni da cewa ai lauyoyin ma da guntayen Latin suke razana mutane a kotu, saboda haka mu ne a gindin abin. Bai gaya mini cewa harshen ya daɗe da rikiɗa a bakin talakawa ya haifi Faransanci da Italiyanci da Sifaniyanci ba, shi kuwa ya koma cikin littattafai da takardun fadar Fafaroma, ta yadda yau babu kasuwar da mutum zai shiga ya taya albasa da shi.

Wahalar Latin a wutsiyar kalma take. Suna ɗaya yakan sauya ƙarshensa gwargwadon matsayi shida da zai iya riƙewa a jimla: ko shi ya yi aikin, ko a kansa aikin ya faɗa, ko abu nasa ne, ko shi aka ba, ko da shi aka yi, ko kuwa kiransa ake yi. An kasa sunayen gida biyar, jinsi kuma uku ne, domin bayan namiji da mace akwai wanda bai shiga ko ɗaya ba. Kalmar nuni da Bahaushe ya sallama da "wannan" da "waɗannan" kuwa, Rumawa sun gina mata jadawali mai gurbi talatin, kuma dole ɗalibi ya haddace shi kafin ya tunkari Sisero, shahararren mai jawabi na Rum, mutumin da yakan ja jimla ta ci rabin shafi sannan ya ajiye aikatau can a ƙarshe.

Da wannan jadawali na koma gida hutu, jarrabawa tana jirana. Kakata, wadda muke kira Iya, ta tambaye ni tun ranar da na sauka ko su wane ne masu wannan yare, ni kuma cikin taƙama na ce mata ai masu shi sun mutu tun ɗaruruwan shekaru. Ta dube ni, ta ce Allah ya kyauta, ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta.

A wani dare da aka ɗauke wuta na kunna fitilar waya na fara hadda da ƙarfi, ina jijjiga kai: "Hik, haik, hok." Ɗakina yana jikin nata. Ba a jima ba ƙanwata ta shigo da kofin ruwa, ta ce in ji Iya in sha a numfashi ɗaya shaƙuwar za ta tafi. Na sha don kada in yi musu, na wuce layi na gaba, wanda shi ne "huyus, huyus, huyus", sai "huik, huik, huik". Na ji an daina motsi a ɗakin Iya, na ɗauka barci ya kwashe ta, don haka na miƙe tsaye na ɗauko jawabin da Sisero ya yi a majalisar dattawan Rum a shekara ta 63 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), na nuna bango da yatsa na daka tsawa: "Quo usque tandem abutere, Catilina, patientia nostra?" Abin da yake tambaya shi ne har zuwa yaushe Katilina zai ci gaba da wasa da haƙurinsu. Abin da Iya ta ji kuwa shi ne jikanta tsaye cikin duhu yana faɗa da wata Katilina da harshen matattu.

Hayaƙi ne ya tashe ni da safe. Iya ta ajiye kasko a bakin ƙofata ta barbaɗa masa habbatussauda, tana cewa, "Maigida, kada ka tashi, an je kiran Malam." Kafin in gama tari limamin unguwarmu ya iso, tsohon da ya koya wa mahaifina karatu. Na durƙusa na ce, "Allah ya gafarta Malam, karatu ne kawai." Ya ce in maimaita abin da na faɗa jiya, kada in rage komai.

Na karanto jadawalin, shi kuma ya rufe ido yana saurare. Da na kai tsakiya ya ɗaga hannu ya tambaye ni dalilin da ya sa ƙarshen kalmar yake ta juyawa. Ina cikin bayanin mai aiki da wanda aiki ya faɗa wa sai ya fashe da dariya har rawaninsa ya karkace, ya ce, "Kai, ɗan nan, ai wannan i'irabi ne!" Ya tuna mini cewa sunan Larabci hali uku gare shi, raf'u da nasbu da jarru, da ya ji na Latin shida ne kuma ya ce lallai Rumawa sun sami lokaci. Ya nemi in karanto masa waƙa, na kawo farkon Aeneid, doguwar waƙar Virgil mawaƙin Rum, "Arma virumque cano", yana buga yatsa a gwiwa yana bin dogon gaɓa da gajere, ya tabbatar wa kansa cewa mutanen sun san aruli. A duk garinmu ban taɓa samun wanda ya fahimci abin da nake karantawa ba sai wannan tsoho, kuma da na san inda fahimtar za ta kai ni da na bar shi ya yi mini ruƙiyya ya tafi.

Domin kuwa sai ya karɓi alƙalami ya rubuta jadawalin duka da ajami, ya riƙe takardar ya ce in sake daga farko. Mutumin da ya haddace Ajrumiyya yana yaro, ya bi ta da Alfiyyar Ibn Malik mai baiti dubu, ba ya jin tausayin mai gurbi talatin. A jam'i na sarƙe, tsakanin "horum" da "harum". Ya juya ya ce wa Iya ta kwashe kaskonta, babu aljana a jikina, raunin hadda ne, kuma maganinsa yana zaurensa kullum bayan sallar asuba.

Haka na cinye sauran hutun a tsugune tsakanin yara masu allo, su suna darasinsu, ni ina "hunk, hank, hok", Malam yana gyara mini da bakin carbi. Yaran unguwa suka laƙaba mini Huyus.

Iya dai ba ta gamsu ba. Ranar da zan koma makaranta ta ja ni gefe ta tambaye ni ita Katilinar 'yar gidan wane ce. Na yi mata bayani dalla-dalla cewa namiji ne, ɗan majalisar Rum da ya ƙulla makircin kifar da gwamnati, kuma an kashe shi a fagen yaƙi a shekara ta 62 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ta saurara har ƙarshe, ta tura mini ƙullin habbatussauda cikin jaka, ta ce ko ma dai wace ce, idan ta sake zuwa in ce mata ina da mata a gida.