Masu neman hoton kurwa da abin da kyamararsu ta kama

Akwai wasu hotuna da ke yawo a wayoyinmu, daga rukunin WhatsApp na dangi zuwa na 'yan kasuwa, daga Garwa zuwa Marwa, har su tsallaka gadar Kusiri su shiga Injamena. A wasu mutum ne zaune launuka sun kewaye kansa, shuɗi da ja da ruwan ɗorawa. A wasu kuma tafin hannu ne yana fitar da tartsatsi cikin duhu. A ƙasa sai a rubuta cewa Turawa sun ƙera na'urar da ke ɗaukar hoton hasken da ke fita daga jikin ɗan Adam, wai da shi ake gane mai lafiya da majinyaci, mai tsarkin zuciya da mugu. Wasu bayin Allah, da kyakkyawar niyya, sukan ƙara da cewa ga shi kimiyya ta tabbatar da ruhi.

Na san abin da ya sa maganar ke shiga ranmu. Mun tashi muna jin zancen kurwa da kwarjini da kambun baka, kuma kowa ya taɓa zama kusa da wani dattijo ya ji wani nauyi da ba ya iya fassarawa. In aka ce ga hotonsa, sai zuciya ta ce gani ya kori ji. Ni kuwa ina roƙon mu daina tura waɗannan hotuna, kuma hujjata tarihin neman nan ne kansa, domin ya haura shekara 200, kuma masana na gaske sun ƙarar da rayuwarsu a kai.

A Faransa aka fara gwada maganar da gaske. Wani likita Bajamushe, Franz Mesmer, ya cika birnin Paris da da'awar cewa akwai wani ƙarfi mai gudana a jikin mutane, wanda shi yake iya sarrafawa ya warkar da cuta. A 1784 Sarki Louis na 16 ya naɗa kwamitin bincike, ciki har da manyan masana biyu, Benjamin Franklin da Antoine Lavoisier. Dabarar da suka yi mai sauƙi ce: suka riƙa rufe wa majinyata ido. Aka sa almajirin Mesmer ya zuba ƙarfin nasa a wata bishiya a lambun Franklin, aka kawo wani yaro da ido a ɗaure, yaron ya je ya suma a gindin bishiyar da ba a taɓa ba. Kwamitin ya yanke cewa abin da ke aiki tunanin majinyacin ne. A 1845 Karl von Reichenbach, masanin haɗa sinadarai da ya gano farafin, ya dawo da zancen da sabon suna, yana zaunar da mutane cikin ɗaki mai duhu suna ba shi labarin hasken da suke gani a yatsu da maganaɗisu. Shi ma bai bar wani abu da wani zai iya aunawa ba.

Abin da ya sake hura wutar shi ne shekarar 1895, lokacin da Wilhelm Röntgen ya ɗauki hoton hannun matarsa, ƙasusuwa da zobe suka fito fili. Wannan shi ne asalin hoton ƙashi da muke kira radiyo a asibitocinmu. Mutane suka ce, in har farantin hoto na iya ganin abin da ke ƙarƙashin fata, me zai hana ya ga rai? Wani likitan Paris, Hippolyte Baraduc, ya wallafa hotunan da ya ce na ruhin mutum ne a 1896. A 1907 matarsa ta rasu, ya kafa kyamara a gefen gadonta, ya sami wasu dunƙule-dunƙulen fari a hoton, ya yi imani ita ce ke tafiya. Ba na iya karanta labarin nan ba tare da tausayi ya kama ni ba. Duk wanda ya taɓa rufe idon nasa ya san irin abin da zuciya ke nema a wannan sa'a. Amma farantin hoto na wancan zamani yakan yi irin wannan tabo saboda ɗigon haske ko zafi ko kuskuren wanki, kuma baƙin cikin mai hoto ba ya mayar da tabo hujja.

Labarin da na fi so matasanmu na jami'ar Ngawundere da ta Marwa su riƙe shi ne na René Blondlot. Wannan ba boka ba ne, babban farfesa ne na kimiyyar fizik a birnin Nancy, mai suna da daraja. A 1903 ya sanar cewa ya gano wani sabon haske, ya raɗa masa harafin N don girmama garinsu. Nan da nan wani abokin aikinsa, Augustin Charpentier, ya ce jikin mutum ma na fitar da hasken, musamman jijiyoyi da ƙwaƙwalwa. Masana da dama a Faransa suka rubuta cewa su ma sun gani. A Ingila da Jamus kuwa aka yi ta gwadawa ba a ga komai ba. A 1904 wani Ba'amurke, Robert Wood, ya je Nancy da kansa. Ana cikin gwaji a ɗaki mai duhu, sai ya zare wani gutsuren alminiyom mai kusurwa uku wanda in babu shi na'urar ba ta da aiki, ya sa a aljihu. Blondlot ya ci gaba da karanta awonsa kamar babu abin da ya faru. Bai yi ƙarya ba. Idonsa ne ya nuna masa abin da ransa ke jira. In haka ta faru da farfesa a ɗakin bincikensa, ina ga ni da kai da hoton da ya iso mana a waya?

A Landan ma, a 1911, likita Walter Kilner na asibitin St Thomas ya fito da wani gilashi mai rini da ya ce in an leƙa ta cikinsa ana ganin hazon da ke kewaye da mutum. Waɗanda suka gwada ba tare da an riga an faɗa musu abin da za su gani ba, ba su gamsu ba.

Hotunan hannu mai tartsatsi da ke yawo a wayoyinmu kuwa daga Rasha suka samo asali. A 1939, a garin Krasnodar, wani mai gyaran kayan lantarki, Semyon Kirlian, ya lura cewa in aka ɗora abu a kan fim ɗin hoto aka saki wutar lantarki mai ƙarfin gaske, wani zobe na haske kan bayyana a gefensa. Shi da matarsa Valentina suka shafe shekaru suna ɗaukar yatsu da ganyaye. Labarin ya isa Amurka a 1970, ya zama abin yayi. Hotunan na gaske ne, kuma suna da kyau. Tambayar ita ce, hoton mene ne? Iskar da ke kewaye da abin ce wutar ke ratsawa har ta yi haske, shi ya sa kwabo da makulli da ƙusa ma suna fitar da nasu zoben, alhali ba su da rai. In aka zuƙe iskar gaba ɗaya, hoton ba ya fitowa. A 1976 wasu masu bincike uku, Pehek da Kyler da Faust, suka wallafa a mujallar Science cewa babban abin da ke sauya siffar zoben yatsa shi ne danshin fata. Har shahararren hoton ganyen da aka yanke gefensa amma siffar gefen ta ci gaba da bayyana, an gano cewa danshin da ganyen ya bari a kan gilashi ne, in an goge gilashin da kyau sai siffar ta ɓace.

Mu da ke zaune a bakin Binuwai ya kamata wannan ya fi shigar mu. Mutum guda, in aka ɗauki yatsansa a watan Janairu lokacin da hunturu ya busar da fata har tana tsagewa, aka sake ɗauka a watan Afrilu lokacin da zafin Garwa ya haura digiri 40 gumi na tsiyaya, hotuna biyu daban za a samu. Halinsa bai canja ba, imaninsa bai canja ba.

Su kuma hotunan launuka a kewayen kai, lamarinsu ya fi sauƙi. Kyamarar da wani Ba'amurke, Guy Coggins, ya yi suna da ita tana da faranti da ake ɗora hannu, yana auna yadda lantarki ke ratsa fata. Na'urar ce ke zaɓar launi ta haska shi a kan fim ɗin, a bisa hoton mutumin. Launin daga cikin akwatin ya fito.

A 1998 wata yarinya 'yar shekara 11, Emily Rosa, ta ga sunanta a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka saboda gwajin da ta yi tana da shekara 9. Ta gayyaci mutum 21 masu cewa suna jin ƙarfin jikin majinyaci da tafin hannu ba tare da sun taɓa shi ba. Suka zura hannuwa ta cikin wani allo da ya tare musu gani, ita kuma ta ɗaga nata a saman ɗaya, su faɗi wanne ne. A gwaji 280 sun dace sau 123, wato kashi 44 cikin 100, ƙasa da abin da mai cinta kawai zai samu. Dabarar kwamitin 1784 ce ta sake amfani da ita.

Wani zai ce, to kana nufin babu komai da ke fita daga jikin mutum? Akwai, kuma an auna. Jiki na fitar da zafi kusan wat 100 ko da mutum na zaune. Zuciya na aiki da lantarki, kuma Willem Einthoven ya ƙera na'urar rubuta shi a farkon ƙarni na 20, ita ce kakar awon zuciya da ake yi yau. Likita Bajamushe Hans Berger kuwa, abin da ya sa shi hanya shi ne irin wannan neman. Yana matashin soja ya faɗo daga doki ya kusa halaka, a ranar 'yar uwarsa da ke nesa ta ji tsoro ya kama ta har aka bugo masa waya ta telegiram. Ya ƙudurta sai ya gano ƙarfin da ke ɗaukar saƙo daga rai zuwa rai. Bai same shi ba. Abin da ya samu a 1924 shi ne lantarkin ƙwaƙwalwa, kuma bai wallafa ba sai 1929, yana ta sake gwadawa don tsoron ruɗin kansa. A 1934 wasu masana a Cambridge suka maimaita aka ga haka ne. Da awonsa ake gane farfaɗiya a yau. Nan ne amsar masu cewa ai radiyo ma da farko an yi mamakinsa: cikin makonni kaɗan masana a ƙasashe daban-daban suka maimaita aikin Röntgen, mai yarda da mai shakka duk suka ga ƙashi. Hasken kurwa kuwa har yau sai wanda ya riga ya yarda ke ganinsa.

Dalilin da ya sa ban ɗauki maganar a matsayin nishaɗin waya kawai ba shi ne, ta sauko cikin unguwanninmu da wata riga. Ƙaramin akwati, sandar ƙarfe da ake ba ka ka riƙe, da kwamfutar cinya. A tambaye ka suna da shekaru da tsawo da nauyi, cikin minti ɗaya ko biyu sai ga shafuka da Faransanci, hanta da ƙoda da ƙashi da jini, a ce an yi maka bilan, wato cikakken awon lafiya, ta hanyar maganaɗisun jikinka. Kusa da teburin kuma ga kwalaben ƙarin abinci da za a ce su ne maganin abin da aka gani. Gaskiya ne zuciya na fitar da maganaɗisu, amma ya fi na ƙasa rauni kusan sau miliyan, na ƙwaƙwalwa kuma ya fi haka rauni nesa ba kusa ba. David Cohen, wanda ya fara auna na ƙwaƙwalwa a Amurka a 1968, daga baya sai da ya yi aiki cikin ɗaki mai bangon ƙarfe na musamman da na'urar da ake sanyayawa fiye da duk ƙanƙarar da muka sani. Sandar da aka riƙe a bakin titi, janareta na ruri, babura na wucewa, ba za ta ji wannan ba. Kakanta ma an san shi: Albert Abrams na San Francisco ya yi arziki da wasu akwatuna da yake bayarwa haya a rufe, da sharaɗin kada a buɗe, har mujallar Scientific American ta bincika a 1923 da 1924 ta ce babu komai a ciki.

Na fahimci abin da ke kai mutane wurin. Mai akwatin zai zaunar da ke, Hajiya, ya saurare ki, ya kira ki da girmamawa, ya nuna miki hoto mai launi. A asibiti sau da yawa layi ne da gaggawa da takardar magani da ba a yi miki bayaninta ba. Wannan gyara ne da ke kan ma'aikatan lafiyarmu. Amma mai hawan jini da aka ce masa ya ajiye ƙwayarsa ya koma kan kwalba, da mai ciwon hanta da takarda ta ce masa lafiyarsa lau, da yaron da zazzaɓin cizon sauro ke ci ana jiran sakamakon sandar ƙarfe, su ne ke biyan kuɗin da ya fi jaka biyu ko uku da aka karɓa a tebur.

Ga malamanmu, Allah ya ƙara musu lafiya, ina da roƙo na musamman. Aya ta 85 a Suratul Isra'i ta riga ta faɗa mana cewa ruhi yana daga al'amarin Ubangiji, kuma ba a ba mu ilimi ba sai kaɗan. Wanda ya jingina imanin almajiransa da hoton Kirlian, ranar da ɗayansu ya ga makulli ma na da irin hasken, ya jefa shi cikin shakkar da babu dalilinta. Akwai kuma abin da ya fi wannan tsoratar da ni. A ƙasar da har yanzu zargin maita ke raba tsohuwa da gidanta, hoton da aka ce yana nuna baƙin haske a kan mutum makami ne a hannun duk mai ƙullin zuciya.

Ofisoshin lafiya na yankunan arewa da ƙungiyar likitocin Kamaru ba sa bukatar kuɗi mai yawa don warware zancen akwatunan nan a bainar jama'a. A samo mutum ashirin da aka riga aka auna jininsu a ɗakin gwaji irin na Centre Pasteur da ke Garwa, wasu masu ciwon suga, wasu masu ciwon hanta, wasu lafiyayyu. A sa labule tsakaninsu da mai na'urar, hannu kawai zai gani. A shigar da wasu sau biyu da suna daban da shekaru daban, a kuma naɗe sandar da jiƙaƙƙen tsumma sau ɗaya a ga ko za ta ce babu mutum. A karanta sakamakon a gidan rediyo da Fulatanci da Hausa da Faransanci, na'urar da ta kasa kuma a hana yin awon lafiya da ita.